Allurar da Aka Yi wa Dama

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ni dai raina a ɓace yake.

An yi allurar da ka yi ta nacin a yi. Likitan ya duba takardar da ke gabansa, ya nuna mini hoton ƙashi, wai amosanin gaɓɓai ya cinye gindin manyan yatsun hannuwana duka biyu. Sai ya kama hannuna na dama, ya goge da auduga, ya soka allura a cikin gaɓar. Na ɗauka gwajin magani ne kafin a zo kan na hagu mai ciwon, don haka na kame bakina, tunda ka ja mini kunne kada in yi musu da likita. Kawai sai na ji ya ce, "Shi ke nan, Mama, a huta da hannun kwana biyu." Kafin in haɗa magana an kira na bayana.

Shekara talatin ina sana'ar allura, ban taɓa ɗinke hannun rigar da ba shi aka kawo gyara ba. Yau sati uku, almakashi ya gagare ni, yadudduka sun taru a kan tebur, masu kaya suna ta sintiri.

Ka gaishe mini da yara.
Mahaifiyarka

Umma,

Ina gaishe ki da girmamawa, ya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Gaskiya ban gane wasiƙarki ba. Ai dama ce hannun aikinki, da ita kike rubutu, da ita kike ci. Ni na cike takardar asibitin ranar da na zo, kuma hannun dama na rubuta. Likita ya ce allurar takan lafar da ciwo na wasu watanni, wasu kuma ba ta yi musu. Umma, mun yi alkawari: in ba ta yi ba, za ki rufe shago ki dawo wurinmu. An riga an gyara miki ɗaki.

A huta lafiya.
Ɗanki

Auta,

Na amsa gaisuwarka, da ƙyar.

Ashe kai ne! Ni kuwa ina nan na cika unguwa da zagin bawan Allah likita, har mai shagon kusa da ni ya haddace.

Rubutu da hannun dama dole aka yi mini, da bulala, tun ina 'yar aji ɗaya. Amma almakashi ba wanda ya isa ya raba shi da haguna. Ni bahaguwa ce, Auta. A ƙarƙashin teburin nan ka yi rarrafe, a kansa ka yi aikin makaranta, ina yanka kana kallo. Me kake kallo duk shekarun nan? Ina zaune kusa da kai kana cike takardar, tambaya ɗaya ta fi ƙarfinka. Wannan ya fi yatsan yi mini ciwo, wallahi.

Zancen alkawari kuwa, ka ajiye shi. Ta yaya za a ce allura ba ta yi ba, alhali yatsan ko ganinta bai yi ba?

Allah Ya shirye ka.
Mahaifiyarka

Umma,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarki sau uku, kunya ta hana ni kiran waya. Ki yafe mini. Na yi wa asibitin bayani, sun ce a kawo ki ranar Talata a yi wa na hagu. Zan zo in kai ki da kaina. Maganar shago kuma, yadda kika ce.

Ɗanki

Auta,

Na yafe. Ka zo tun Litinin. Akwai riga ɗaya da zan lallaɓa in yanka ko da ciwon, kai kuma ka ja kujera ka zauna, ka ga hannun da ya raine ka.

Sai na gan ka.
Mahaifiyarka