Kalmar Sirrin Manjo Zubair

Yamai, Litinin

Sahabi ƙanena,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina Habsu amarya? An gano ɓaraka a manhajar da ke kulle hanya tsakanin ordinatocin asibiti, wato kwamfutoci. Mutum zai tura mata harafi huɗu, ya ce ɗari biyar ne, ta maido masa. Ita kuwa ba ta aunawa, sai ta cika sauran da duk abin da ke ƙwaƙwalwarta, har da kalmomin sirri. Tunda kai ke kula da na'urorin asibitinku, ka ɗora gyaran yau, kowa kuma ya sake kalmarsa. Kowa na ce.

Yayarka, Lantana

Gure, Laraba

Yaya Lantana,

Ina gaisuwa. Kwantar da hankalinki, ƙanenki ba ya wasa. Rezon intanet ya ba ni wuya, amma na ɗora gyaran, na sake makullan na'urar. Ma'aikata goma sha ɗaya sun sake kalmominsu, na tabbatar. Saura manjo, shugaban masu jinya, Malam Zubair. Kin san baban Habsu ne. Ko hanya ba na haɗawa da shi, balle in tsaya a kansa in ce ya yi kaza. Mutum ɗaya dai ba komai.

Naki, Sahabi

Yamai, Juma'a

Sahabi,

Bayan gaisuwa, raina ya ɓaci. Mutum ɗayan nan shi ke buɗe rajistar sunayen masu karɓar maganin ƙanjamau. In an riga an kwashe kalmarsa, gyaranka bai hana kowa shiga ba. Gure kuwa kowa ya san kowa. Akwai matar da in sunanta ya fita, ko rijiya ba za ta ƙara zuwa ba. Kunyarka ta surukai ba ta kai tata ba. Ka je da ƙafarka.

Lantana

Gure, Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa. Na je. Na cire takalmi, na durƙusa a bakin ofis, na yi bayani ina kallon ƙasa, gumi har cikin ido. Ya saurara, ya jawo ordinatar ya sake kalmar da kansa. Na bincika, babu baƙon da ya shiga da sunansa, alhamdu lillahi.

Zan fita ya kira ni. Ya ce tsohuwar kalmar sunan Habsu ce, shekara shida yana rubuta shi kowace safiya. Ya ce, "Sau biyu ke nan kana raba ni da ita, yaro."

Gobe zan kai masa ita ta wuni.

Ƙanenki, Sahabi