Kayan Aikin da Aka Ajiye Mana a Zaure

Zuwa ga ƙanena Abdulhadi, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Amsa da yara, ya kuma sanya albarka a nemanka. Mu nan muna nan gwargwadon hali. Ƙafar nan tawa ba ta sauya hali ba, in ta ga dama ta bar ni in je unguwa, in ba ta ga dama ba ta zaunar da ni. Fauziyya, matar ɗana Sama'ilu, ta yaye Ummi. Yarinya ta yi 'yan kwanaki tana fushi da kowa, yanzu ta huce ta kama tuwo hannu bibbiyu. Duk wanda ya gan ta sai ya ce goshinka ta ɗauko, ni kuwa na ce Allah dai ya sa ba ta haɗa da taurin kan ba.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Wayar gidan nan a aljihun ɗanka Sama'ilu take zama, maganar kuwa a kansa ce. Shi ya sa na ba Jamil direba, tun da zai kawo shanu wajenku, na ce kada ya danƙa ta a hannun kowa sai naka.

Ka tuna akwatin ƙarfen da ka bar wa Sama'ilu da za ka tafi, wanda ka tara kayan cikinsa zamanin kana bin masu haƙar burtsatse. Akwatin nan shi ya yi masa suna. Daga Kunci har Ɗambatta, duk mai a-kori-kura irin mai ja da ƙafa huɗu, in gabanta ya fara ƙas-ƙas a kwana, ƙofar gidanmu ake nuna masa. Da ina alfahari da haka. Yanzu kuwa da ma ka tafi da kayanka.

Ranar kasuwar Kunci wasu mutum biyu suka zo a babur suka same shi a rumfarsa. Ina jin gaisuwarsu daga tsakar gida, gaisuwa mai tsawo, ladabi kamar masu neman aure. Sun kawo masa ƙarfen nan mai kama da gwiwa da ke juya ƙafar gaba, wanda kuke ce wa kan shaf, ya dagargaje. Suka tambaye shi me da me ake bukata a canza shi. Ɗan naka, da son a san ya iya, sai ya buɗe akwati ya shimfiɗa musu komai a kan buhu kamar mai talla: ƙaton soket ɗin kwance notin tsakiya, da dogon ƙarfen da ake danna shi da shi, da abin zaro gaɓa mai ƙafa uku, da siririyar filayar cire zobe, da jak, da gwangwanin giris. Daga baya ya gaya mini ɗaya daga cikinsu ya yi ta ɗaga kayan ɗai-ɗai yana jujjuyawa yana tambayar sunansu. Da ya ce su jawo motar, sai suka ce ba ta motsi, tana can yamma a gona, su za su ɗauke shi su dawo da shi. Ya tambayi sunan garin, suka yi dariya suka ce ai in ya je zai gani. Ya ce sai ya nemo sabon ƙarfe a Kano tukuna. Suka bar masa tsohon a naɗe suka tafi.

Da yamma ya shigo da shi cikin gida zai wanke da fetur. Shi ƙarfe yake kallo, ni kuwa idona ya sauka a kan abin da aka naɗo shi da shi. Zane ne, Abdulhadi, kore mai zanen zabi. Ankon bikin Ramlat ne, 'yar ƙawata Kaltum ta Tudun Marke, wanda muka yi bara. Nawa yana cikin akwatina, sau biyu na ɗaura shi. Ban sani ba ko labarin ya iso ku, amma watan jiya aka shiga Tudun Marke aka kora shanu, aka tafi da mata, har da Kaltum, kuma har yau babu wanda ya ji ɗuriyarsu. Na yi ta ba kaina haƙuri, na ce atamfa ai a kasuwa take, kowa da kuɗinsa zai saya. Sai na ga haɓar zanen a ƙulle. Na kwance, na tarar da ɓarin goro ya bushe. Namiji ba ya ƙulla goro a bakin zane. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na zauna a kan turmi da zanen a hannuna har aka kira magariba.

Na gaya wa Sama'ilu. Da fari ya ce tsufa ne ya fara taɓa ni, wai na ga zabi a zane na ce na ga 'yan bindiga. Amma na lura tuwonsa bai ci rabi ba. Da na matsa, sai ya fito da abin da ke ransa. Ya ce tun da suka ƙi faɗin sunan gari jikinsa ya ba shi. Ya ce in ya ƙi zuwa sun san gida, in kuma ya je ya ga inda suke, ba lalle su bar shi ya dawo ba. Ni na ƙara masa da na uku, na ce in ya gyara motar, matan wane gari za a loda a bayanta? Gaba kura ke nan, baya sayaki.

Ga abin da na yi da kayanka, in ka ga dama ka yi faɗa. Ranar Juma'a da maza suka tafi masallaci, ni da Fauziyya muka ja akwatin nan, da nauyinsa da komai, muka kai shi rumbu muka binne a ƙarƙashin dawa. Dabarata ita ce in sun dawo ya iya rantsuwa bai san inda kayan suke ba, kuma ya kasance gaskiya ya faɗa, don ka san ɗan naka in ya yi ƙarya kunnensa ma sai ya nuna. Ya dawo ya birkice gida yana nema, ya yi ta sababi, muka yi gum. Da mutanen suka dawo ya ce musu an ɗauke akwatin, ba shi da abin aiki. Suka jajanta masa sosai, suka ce Allah ya mayar da alheri, suka hau babur ɗinsu. Ranar har na yi wa kaina kirari a zuci, na ce tsohuwa ta yi maganin abin.

Shekaranjiya da hantsi, Sama'ilu ya tafi kai wa wani taya, sai aka yi sallama a zaure. Na leƙa, sai ga su da kwali. Suka durƙusa har ƙasa suka gaishe ni, suka kira ni Inna Hure, ni da ban taɓa gaya musu sunana ba. Suka tambayi Fauziyya, suka tambayi yadda Ummi take ji da yaye. Sannan suka buɗe kwalin. Duk abin da ya shimfiɗa musu a kan buhu yana ciki, sabo fil a leda, babu wanda suka manta, har siririyar filayar, ga kuma sabon kan shaf da robarsa. Suka ce kyauta ce, don bai kamata gwani kamarsa ya zauna hannu rabbana ba. Suka ce ruwan da aka yi ta yi makon nan ya ɓata hanyar wajensu, amma da zarar laka ta bushe za su zo su ɗauke shi. Har goro suka ajiye mini a kan kwalin.

Na je wurin mai unguwa da zanen. Ya ce ya aika sama, mu yi shiru mu yi ta addu'a, kuma na san iyakar abin da zai iya ke nan. Sama'ilu kuwa ya ce ba zai gudu ya bar mata a gida ba. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi barazanar ɗaga masa nono, duk a banza. Mutum ɗaya ne bai taɓa yi wa musu ba, kai da ka koya masa riƙon sifana. Don Allah ranar da takardar nan ta shiga hannunka ka kira shi. Kada ka nuna ka san komai. Ka ce aiki ya yi maka yawa, kana nemansa maza-maza, ya biyo Jamil in zai sake saukowa, ko ya hau duk motar da ya samu. Fauziyya da Ummi zan tura su gidan iyayenta a Zakirai. Ni zan zauna da kwalin, in sun zo in ce musu kawunsa ya kira shi. Kada ka ce in biyo su, ban iya barin ɗakina ba, kuma in suka tarar da gida a rufe maƙwabta za su tambaya.

Ka gaishe mini da Amsa, ka ce na ga turaren, Allah ya saka da alheri. Ka gai da Ziyad da Fadima da ƙaramin da ban gani ba tukuna. Fauziyya tana gaishe ku, ita ma ta san da takardar nan. Baba Hashimu na bakin masallaci kullum sai ya tambaye ka.

Kada ka yi nawa, ɗan'uwana. Tun jiya babu ko ɗigon hadari, rana ake ƙwallawa. Ɗazu na fita da sandata na taka hanyar yamma da ƙafata don in ji, ƙasa ta fara ɗaukar mutum.

Wassalam. Ni ce yayarka,
Hure