A Inuwar Tayar Katafila

Talata da dare, Jega

Yau a ramin ƙasa na bayan Liba ina jiran a yi wa tifata lodi, rana ta ishe ni. Na kwanta a inuwar tayar katafila, tayar da ta fi ni tsayi, barci ya kwashe ni. Malam Bello mai tuƙa ta ba ya tayar da ita sai ya zagaye ta da ƙafa. Sau nawa na yi masa tsiyar ɓata mana lokaci? A zagayen nan ya iske ni. Ya taɓa ƙafata, ya ce, "Direba, tashi."

Alhamdu lillahi. Gobe ko sau goma ya zagaya, ba zai ji bakina ba.