Jan Fenti a Bangon Ɗakin Aiki

Zuwa ga Baban yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya zaman asibiti? Ya ƙafar? Ina fata likita ya fara barinka kana takawa da sanda. Yara suna gaishe ka.

Akwai abin da na ɓoye maka, yau ya fi ƙarfin cikina. Tun da likita ya ce ba za ka ƙara iya zirga-zirgar shago ba, na sa magini ya fara ɗora maka ɗakin aiki a bayan gida, ka ci gaba da aikinka na kafinta a nan. Na san halinka, zaman banza zai kayar da kai kafin ciwo. Na kai zane ofishin tsara gari neman izini, amma magini ya ce kowa ginawa yake yi, takarda ta tarar da shi a hanya. Ni kuma uwar gaggawa na biye masa.

Jiya jami'in duba gini ya zo ya shafa mana jan fenti a bango. Kwana bakwai ya ba ni, ko a gyara ko a rushe. Tsoro nake ji ƙwarai.

Allah ya ƙara sauƙi.
Matarka

Baban yara,

Ina gaishe ka da jiki. Da fatan zazzaɓin ya sauka.

Na je ofishin sau uku kafin na gane laifinmu. Doka ta ce a bar mita ɗaya tsakanin gini da iyaka. Magini daga katanga ya auna, jami'in kuwa sai da ya tono dutsen iyaka a gindin gwaba. Ka tuna ranar da ka karkatar da katangar don kada a sare bishiyar? Ashe ta shiga filin maƙwabci da rabin mita. Maƙwabcin, bawan Allah, ya ce shi ya yafe, jami'in ya ce yafiyarsa ba ta motsa dutse.

Dole a rushe bangon baya a matso da shi. Ni kuwa daidai tsawon teburin aikin mahaifinka na sa aka auna ɗakin, ga shi yanzu ba zai shiga ba, ta tsawo ko ta faɗi. Yana tsakar gida, na lulluɓe shi da leda, ruwa kuma ya fara sauka. Me zan yi? Saura kwana uku.

Taka, a cikin damuwa

Baban yara,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙaninka ya ce ka karanta wasiƙata, ka juya fuska bango, ba ka ce komai ba. Shirun nan ya fi jan fentin ciwo.

An matsar da bangon, jami'in ya sake aunawa, takardar izini tana hannuna. Ruwa kuma ya fara kumbura ƙafafun teburin. Na jira maganarka har shekaranjiya, sannan na ɗauko zartonka na yanke rabin mita daga gefen da babu ƙarfen matse katako. Ina yanka ina kuka. Guntun yana ƙarƙashin gadonmu, ban yar ba.

Teburin ya shiga. Amma yankan ya karkace, ko yaron da ya fara koyo jiya ba zai yi irinsa ba. Na hana kowa taɓawa. Idan faɗa za ka yi mini, ka taso ka zo ka yi shi a ɗakin aikinka, sannan ka miƙar da layin.

Ina jiranka.
Matarka, uwar gaggawa