Kwalbar Asibiti da Akuyar Idrisu

Mamobi, 3 ga Maris

Yaya Safara'u,

Assalamu alaikum. Ya Kumasi, ya ƙafar taki?

Yaya, mijin nan nawa, ƙaninki Idrisu, zai sa min hawan jini. Wata biyu cikinsa na murɗa, har jini ya gani a bayan gida. A asibiti nas ta ba shi 'yar kwalba ya kawo bayan gidan a duba, ta ce ya rage jan nama, ya riƙa cin ganye da wake. Mutumin da ya shekara talatin yana gasa cincinga, wato tsire, a unguwar Nima, kowane tsinke sai ya "ɗanɗana gishiri"! Wai ganye abincin akuya ne, kuma sobolo, zobon nan mai citta, na wanke hanji tas. Tsoro nake ji, Yaya. Ke kaɗai yake shakka.

Ƙanwarki,
Mubarika

Kumasi, 9 ga Maris

Idrisu,

Bayan gaisuwa, tunda ka daina ɗaukar wayata, ga takarda.

Ka manta Baba? Shi ma sobolo da saiwoyi ya yi ta sha har ya koma kamar tsinken cincingarka. Likita ya ce ciwon daji ne na hanji, an zo a makare. Ni na wanke zannuwansa, kai kana bakin ƙofa kana kuka. Ba zan sake wanke na wani ba. Ka kai kwalbar nan, ko in hau mota.

Yayarka,
Safara'u

Mamobi, 17 ga Maris

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ya kai kwalbar, amma zauna tukuna.

Ashe kunya ta hana shi zuba nasa. Sai ya ce tunda mai cin ganye suke so, ai akuyarmu ta fi kowa a Mamobi. Ya cika kwalba da nata, ya sa jallabiya, muka tafi. Nas ta ɗaga kwalbar ta girgiza, ta ji kacau-kacau, ta ce, "Alhaji, tun yaushe kake yinsa ƙwaya-ƙwaya?" Ya ce, "Tun da na fara cin ganyenku."

Har likita sai da ya riƙe tebur don dariya. Da ya ji labarin Baba kuwa, dariya ta ɗauke. Ya ce ran Laraba za a leƙa cikin da na'ura. Ki sa mu a addu'a.

Mubarika

Nima, 2 ga Afrilu

Yaya mai daraja,

Ina gaisuwa. An leƙa. An ciro wani ɗan tsiro kamar ƙwayar gyaɗa, an auna shi, likita ya ce an riga shi, bai kai ga zama ciwon daji ba. Yanzu ni da akuya kwano ɗaya muke, ganyen ayoyo safe da yamma.

Likita ya tambaya ko Baba ya bar wasu 'ya'ya, wai ciwon na bin jini. Na ce akwai guda a Kumasi, mai wa'azi da takarda, ba ta taɓa bari an duba ta ba. Laraba mai zuwa ranarki ce. Ki hau motar. Ni ma ba na son wanke zani.

Ƙaninki,
Idrisu