Butar alwala da fitilar birki

Daren Laraba, Nima

Yau ma wani mai babur ya kusa afka wa motata a hanyar Kanda, fitilar birki ba ta kama ba. Na canja ƙwan fitilar, na sayo sabuwar wayar wuta a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, amma sai ta kama da safe ta ɗauke da rana. Har na daina gaisawa da Mumuni, direban da muke layi ɗaya, ina zargin da hannunsa.

Da yamma Baba Isa makanike ya shafa bayan fitilar, hannunsa ya jiƙe. Ya ɗago butar alwalata da ke cikin but ɗin motar, dab da fitilar.

"Ɗana, kullum nan kake ajiye ta?"

Ashe in na cika ta da azahar, duk ramin da na faɗa sai ta zuba kan wayoyin. Ya busar, ya naɗe, ta kama.

Gobe ni zan fara gaida Mumuni.