Inna, Na Ci Karo da Ke a Tarihin Matan Turai

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa ta 'ya da mahaifiya, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Rabi, autarki. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma abin da ya faru a lakwal, makarantarmu, makon jiya ya hana ni yin shiru.

Kin bar ni ina koyar da tarihi a lise, babbar sakandare, nan unguwar Zariya ta Maradi, kuma har yau ina nan. Bana aka ba ni ajin da ke karatun ƙasashen Turai na shekaru ɗari huɗu zuwa biyar da suka wuce, zamanin da buga littafi da inji ya bazu, malaman coci kuma suka rabu gida biyu. Littafin ajin sarakuna ne da yaƙe-yaƙe tun daga fari har ƙarshe. Sai na ce bari in bincika ina matan suke a lokacin. Ban yi nisa da karatu ba na ci karo da ke.

Ashe su ma unguwarzoma ce ke karɓar haihuwa, dattijuwar unguwa wadda ta gaji aikin, ta san ganye da saiwa. Sannu a hankali hukumar gari da coci suka ce sai ta yi rantsuwa an ba ta izini. Daga baya likitoci maza suka shigo ɗakin haihuwa da ƙarafansu da littattafansu, aka fara kiran tsofaffin jahilai. Wasu matan suka ƙi a ture su, suka nemi ilimin, har akwai waɗanda suka rubuta littafin aikin da hannunsu. Wasu kuma, musamman tsofaffin da mazajensu suka mutu, idan jariri ya rasu ko saniya ta kafe nono sai a ce maita ce. An kai da yawa gaban alƙali, kuma da yawa ba su koma gida ba.

Da na zo nan sai na rufe littafin, don Ladi ta faɗo mini a rai.

Ina da shekara goma a Tibiri, Baba bai daɗe da rasuwa ba. Ladi, matar mahaucin bayan gidanmu, ta haihu a hannunki da hantsi. Jariri lafiya lau, amma jini ya ɓalle mata. Kin jiƙa duk abin da kika sani, bai tsaya ba. Kafin a samo amalanke a kai ta asibiti, ta cika. Ba a yi sadakar bakwai ba magana ta fara yawo a bakin rijiya, wai ke kika kama kurwarta.

Aka daina aikowa kiranki. 'Yan mata suka daina sa ni a gaɗa. Uwar Ladi ta tsaya a ƙofar gidanmu ta faɗi abin da har yau ba na iya maimaitawa, ke kuwa kina zaune kina tsinke zogale, ba ki ɗago kai ba. Gwaggo Hassu ta zo daga Jiratawa ta ce mu tattara mu bi ta, akwai aikin albasa a fadama, ba wanda zai nuna mu da baki. Na so ƙwarai ki yarda. Kika ce mata: "In na gudu, na amsa sunan ke nan."

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. A shekarar nan mushe, malamin ajinmu, ya tambaye mu sana'ar iyayenmu, na miƙe na ce uwata ƙuli-ƙuli take yi. Kunyar sunanki na ji, Inna. Ki yafe mini.

Wata safiya kika ɗaura zanenki na fita, kika kama hannuna muka shiga motar Maradi, sai matanite, gidan haihuwa. Muka zauna a benci har azahar kafin saj-fam, unguwarzomar asibitin, ta samu sararin ganinmu. Yarinya ce, a haife kin haife ta, amma kika rusuna kika gaishe ta. Kika shaida mata ba magani ya kawo ki ba, so kike a gaya miki abin da ya kashe Ladi. Ta daɗe tana kallonki, sannan ta jawo takarda ta zana miki yadda mahaifa ke ƙin tsukewa bayan haihuwa, da yadda guntun mabiyiya kan maƙale a ciki, ta kuma faɗa miki alamun da in an gani ba a jira. Kika miƙo mini takardar in karanta rubutun da ke ƙasa. Faransanci ne, na yi ta in-ina. A hanyar komawa, da muka tsallake gulbi, kika ce: "Ni sai an karanta mini. Ke ki karanta da kanki."

Wata uku kina kai da komowa wurin koyo. Aka ba ki ƙaramin akwatin ƙarfe mai almakashi, safar hannu, sabulu da zaren ɗaure cibi. Tsofaffin abokan aikinki suka ce kin watsar da gadon uwarki. Ba ki watsar ba. Kin jefar da tsohuwar reza, amma addu'ar da kike tofa wa mai naƙuda da yadda kike riƙe mata baya suna nan har ƙarshen aikinki.

Ba wanda ya zo ya ba ki haƙuri. Wata rana dai naƙuda ta yi wa wata tsawo, aka rasa yadda za a yi, aka aiko. Kika ga kumburin ƙafafunta, kika ce a ɗaura amalanke yanzu, kika bi ta a ƙasa har bakin titi. Ta rayu, ita da ɗanta. Daga nan aka ci gaba da zuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar ba a taɓa cewa komai ba. Uwar Ladi ba ta sake gaishe ki ba har ta bar duniya, kuma kin je gaisuwar rasuwarta. Ni a lokacin haushi na ji.

To ga abin da ya faru a aji. Na ba su labarin matan Turai, na gaya musu yawancin unguwarzomomin nan sunansu ya ɓace, wasu ma sai a takardun shari'a ake tsintar su. Na ce kowa ya je gida ya tambayi sunan matar da ta yanke masa cibi, ya rubuto mini. Suka yi dariya, suka ce wannan ba tarihi ba ne, Madam.

Ranar Litinin na zauna a ɗakin malamai da takardun. Yawancinsu sun rubuta matanite kawai, iyayensu ba su riƙe suna ba. A cikin 'yan Tibiri kuwa, uku sun rubuta sunanki, Inna Hajo. Ɗaya daga ciki, Mariyama, ta cika shafi guda. Uwarta ta ba ta labarin yadda kika hana a jira, kika raka ta har Maradi, kika zauna a bakin ƙofa ba ki ci komai ba sai da kika ji kukan jaririya. Yarinyar ba ta san ni 'yarki ce ba. Na riƙe jan biro na rasa abin da zan gyara.

Washegari na tsaya a gaban allo, na shaida musu cewa Inna Hajo unguwarzomar Tibiri ita ce ta haife ni. Na faɗa da ƙarfi, har na bencin baya suka ji.

Na gode, Inna. Na gode da ba ki gudu ba, na gode da kika rusuna wa yarinya don ki koya, na gode da kika bar ni a lakwal lokacin da kike bukatar mai taya ki aiki a gida.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa kowane jariri da ya faɗo hannunki ya zama shaida a gare ki ranar gobe. Allah ya jiƙan Ladi da uwarta, ya haɗa mu duka a Aljanna ba tare da ƙullin zuciya ba. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Rabi